Motar da Aka Auna wa Direba Cikin Azumi

Kai da kake ta rage wannan kana datse wancan don aikinka ya fi na kowa, tsaya ka ji labarin wani bakanike. Gwani ne na gaske, ko abokan gabarsa ba su musa ba. Ya ɗauki alkawari a gaban duk mutanen gareji cewa motar da zai ƙera ce za ta cinye tseren nan na juriya, wanda ake farawa da hantsi a yi ta zagaye har faɗuwar rana. Inji ya gyaru, lagireto ba ya tafasa, burki kuwa sai ka ce an kama ɓarawo. Amma mutumin nan ya tsani nauyi kamar yadda ya tsani mutuwarsa. Ko noti ɗaya sai ya ɗora a sikeli ya harare shi. Ya cire kujerar baya, ya cire gilasai, har ham bai bari ba, wai wa za a yi wa. Daga ƙarshe idonsa ya faɗa kan ƙofofi. Ya ɓalle mariƙansu da makullansu, ya liƙe su da walda, ya ce direba ya riƙa shiga ta taga. Tagar ma ya ga ta yi faɗi, iska za ta riƙa cika motar tana ja mata baya. Sai ya kira direbansa, ya zagaya ƙugunsa da igiya, ya ƙuntata tagar daidai wannan awo, ko yatsa bai ƙara ba. Abin da ya manta shi ne a goman ƙarshe na azumi ya yi awon, tseren kuwa sai bayan Babbar Sallah.

Ranar tsere direba ya iso yana sheƙi, ya sha soyayyen naman layya na gidansu da na surukai. Bakanike ya dube shi, ya nuna masa taga. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga da kyar, tumbi ya ce atafau. Aka shafa giris, aka tura, aka ja, shi dai yana nan, rabi a ciki rabi a waje, ƙafafu na harbin iska. Aka busa usur, motoci suka tashi suka bar su. Jama'a har da masu riƙe ciki don dariya.

"Maigida, ka yanke ta, numfashina zai ɗauke!" in ji direba.

Haka bakanike ya ɗauko zarton ƙarfe, yana yanka motarsa da hannunsa yana share hawaye, don wallahi abin ya yi masa ciwo. Kafin a zaro bawan Allah, wata tsohuwar akwala mai ƙofa huɗu ta yi ta zagayowa ta gabansu har sun daina duba ta.

Ka ga abin da Hausawa ke faɗa ke nan: garin neman gira an rasa ido.