Ranar da Mangaza Ta Kwana Wayam

"Kada buhu ɗaya ya sake shiga ƙofar nan," na ce wa ƴan dako, lokacin da jakin wani mutumin Gouna ya faɗi a layi bai tashi ba.

Shekarar fari ce, ni ke riƙe da mangaza, ɗakin ajiyar dawar taimako, a Damagaram. Ƙofarta ɗaya. In kamiyo, babbar motar kaya, na saukewa, jama'a su jira; in jama'a na karɓa, kamiyo ya jira. Dabbobin da za su kai hatsin gida suna mutuwa a gabanmu.

Dattijon cikin ƴan dakon ya ce, "Maigida, tun kakanni sai hatsi ya kwana a rumbu ake awonsa. Albarkarsa ke nan."

"Baba, yau a tukunya za ta kwana."

Na sa aka shimfiɗa tabarmi a fili, kowace hanya da tata: Droum, Gouna, Mirriya. Buhu ya sauko, ya taɓa tabarma, ya hau jaki. Tabarmar da ta yi ƙasa, ita ake cikawa. Na nesa suka zo gaba, ƴan gari suka koma baya. Ƙanena, da ke cikin ƴan gari, ya zage ni, na bar shi a baya.

Kafin la'asar layi ya ƙare. Mai jakin nan ya tafi da rabonsa a amalanken maƙwabcinsa.

Dattijon ya leƙa mangaza, ya ɗauko tsintsiya yana dariya. Duk shekarar nan, rumbu wayam kuka yake sa mu. Wannan kam, da waƙa muka share shi.