Manomin Rani da Tiyon Tarakta

Tunda ka tambaye ni amfanin takardar shaidar da masu haɗa tiyon mai suke ratayewa a bango, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomi.

Mutumin nan ya shekara ashirin yana noman rani a bakin kogi, ya san tiyon ban ruwa kamar yunwar cikinsa. In ya shiga kasuwa sai ya lanƙwasa tiyo, ya matsa da yatsa, ya toshe baki ɗaya ya busa ta ɗayan, nan take ya gaya maka ko zai kai baɗi. Da Allah ya buɗa masa ya sayi tsohuwar tarakta da haro, wato garmar fayafayan ƙarfe da take ja, ya damƙa tuƙinta a hannun amininsa, wanda suka yi kiwo tare tun suna yara. Haron nan da tiyo biyu yake aiki, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sauke, kuma mai ne ke gudu a cikinsu, ba ruwa ba. Duk sa'ad da ciyawa ta nannaɗe fayafayan, direban kan ɗaga haron ya shiga ƙarƙashi da lauje. A lokacin nan ba abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙashin mutum sai tiyon ɗagawa.

Ruwan shuka ya sauka, sai ga tiyon duka biyu suna tsiyaya. Ya kwance su ya nufi gari. Shagon da ya fara shiga, mai shi ya tsare shi da tambayoyi kamar alƙali: wace irin tarakta ce, wane aiki tiyon zai yi, a ina yake lanƙwashewa. Ya ɗauko tiyo da kawunan ƙarfen da ake sa wa a bakinsa, duk na kamfani ɗaya, ya matse su da inji, ya auna kaurin matsin, sannan ya kulle tiyon a wani akwatin ƙarfe ya ɗura masa mai da ƙarfi, yana duban allurar agogo. Da ya gama ya ɗaura masa lamba. Manomi ya ga takarda mai hatimi a bango ya tambaya, aka ce masa masu sa ido ne ke zuwa duk shekara su gwada injin da hannun ma'aikata, in sun gamsu su sabunta ta. Abin ya ba shi mamaki, har da ɗan dariya a ciki. Duk wannan hidima a kan guntun roba kamu uku? Son ganin ƙwaƙwaf ya sa ya kai tiyo na biyun wurin wani mai rumfa a bakin titi, don ya ga bambanci da idonsa. Wannan ko tambaya ɗaya bai yi ba. Ya yanke tsofaffin kawunan, ya cusa su a sabon tiyo, ya matse, kafin shayi ya huce an gama.

A gida ya jera su a tabarma, baƙi da baƙi, tsawo ɗaya, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Ya yi musu gwajinsa na gado. Ya lanƙwasa, ya matsa, ya busa, ya ɗura ruwa, babu wanda ya ɗiga. Na mai rumfa ma ya fi cika hannu, a noman rani kuwa tiyo mai kauri shi ne mai ƙarko. Saboda haka shi ya ɗaura a wajen ɗagawa, mai lamba ya sa shi a wajen saukewa.

Kwana biyu ana aiki lafiya. A rana ta uku da hantsi ciyawa ta kama fayafayan, direba ya ɗaga haro ya shiga da laujensa. Manomi na tsaye a kan kunya ya ji fus! Kan ƙarfe ya zare daga tiyon, mai ya yi feshi, haro ya sauko a kan cinyar amininsa. Sai da maza shida suka taru kafin aka jawo shi. Ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara taka birki ba.

Baƙin ciki ya ishi manomin, tambaya kuma ta ƙi barinsa. Ya sa zarto ya yanka tiyon duka biyu. Na mai rumfa roba ce zalla a waje, da saƙar waya ɗaya siririya a ciki, haƙoran tsohon kan kuma sun cinye, ba su kama komai ba. Mai lamba saƙa biyu ce, haƙora sun nutse har cikin wayar. Ya kwashi gutsattsarin ya koma shagon farko.

"Malam, na busa, na ɗura ruwa, bai ɗiga ba. Ina na kuskure?"

Mai shagon ya kama babban yatsan manomin ya nuna masa farcen. "Alhaji, a wuri kamar wannan, man da ke ciki yana turawa da nauyin da ya fi buhun masara biyu. Numfashinka buhu nawa ne?"

Manomi ya dubi hannun da ya shekara ashirin yana yarda da shi. Hannun bai yi masa ƙarya ba, an dai tambaye shi abin da bai sani ba ne, kuma wani ne ya biya da ƙafarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.