Awon Anti Laraba

Ku yi haƙuri da ƙarfin halina, ban taɓa rubuta labari ba.

Tun da aka kafa dokar kowane shago ya kwashe bayanansa ya kai gajimare, wato ma'ajiyar intanet, Inna ta daina nemana. Shekara shida ina riƙe da littafin awo a shagon ɗinkinta. Ni ce ma na zauna sati biyu ina karanta wa sabuwar manhajar da aka haɗa da madubin shagon shafi-shafi, ƙugu da kafaɗa da tsawon hannu. Yanzu madubin shagon ke auna mutum ya aika can, kuma manhajar ce Inna ke kira "'yar albarka". A da ni ake kira haka.

Ranar Talata maƙwabciyarmu Anti Laraba ta zo ɗinkin biki. Da ni ce, sai in ƙara yatsa uku a ƙugu in yi shiru, don mace ba ta faɗin ƙaramin ciki.

Tana tsayawa gaban madubin, manhajar ta ce da ƙarfi, "Ƙugu ya ƙaru. Barka, wata na uku."

Anti Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska. A raina na ce yau dai Inna za ta tuna da ni.

Sai Inna ta tafa hannu. "Kin gani, Hansatu? Ke da sai kin gama buɗe-buɗen takarda!"

Matan da ke jira suka ɗau shewa: "Laraba, ashe ɓoye mana kike!"

Na zaro littafina daga ƙarƙashin keken ɗinki, na sulale ta ƙofar baya. Babu wadda ta juyo, sai fitilar madubin da ta bi ni.