Furen Satumba na Lachlan

A bakin kakata na fara jin sunan Lachlan, mai tumakin da ke sa a kai fure daga shagonmu zuwa kabarin mahaifiyarsa kowace Satumba.

Ranar da fari ya tilasta masa sayar da gonarsa, ya shigo riƙe da hula.

"Narelle, Adelaide zan koma. Ki aure ni mu tafi."

Kaka, wadda ta makance bara, ta ɗago daga kujerarta. "Lachlan ne? Na ji warin tumaki."

Ba wanda ya yi dariya. Na dube ta, na dube shi.

"In bar wa wa ita?"

Ya nufi fita. Sai a bakin ƙofa ya juyo.

"To, ki riƙa kai wa Mama furen da hannunki, kar ki aika. Rawaya take so."