Mai Hoto da Ƙofar Teku

Ajiye wayar nan ka saurare ni, ɗan ƙanena. Tun da ka zauna kake nuna mini hotunan ginin da kake yi, bulo bisa bulo, ban ga fuskar mai ɗakinka ko sau ɗaya ba. To, bari in ba ka misali.

An yi wani mai ɗaukar hoto, mutumin ƙasar nan, da neman abinci ya kai shi wani gari a bakin teku, ya zauna can da amaryarsa. A gefen garin akwai wani farin dutse mai laushi, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Igiyar ruwa ta yi shekaru aru-aru tana dukan gindinsa, tana gutsurarsa kaɗan-kaɗan, har ta huda shi ta wuce, ya tsaya cikin ruwa da ƙafa biyu kamar ƙofar gari. Ranar da mutumin ya fara ganinsa, shi ke nan, zuciyarsa ta tafi. Wani tsohon masunci ya gaya masa cewa ruwan da ya fafe ƙofar shi zai kayar da ita wata rana. Sai mutumin ya ɗaura wa kansa aiki: kafin ta faɗi, sai ya kama ta a hoto ta kowace fuska. Da an idar da sallar asuba ya saɓi kyamara, matar ta bi bayansa da sandar kyamarar mai ƙafa uku da butar shayi. Ya san ranakun da rana ke ɓullowa daidai ta cikin ƙofar, ya san sa'ar da teku ke janyewa har gansakukan gindin dutsen su fito fili. Yana iya nuna maka tsagar da ta ƙaru da faɗin yatsa tun bara. Ita kuwa tana zaune kan yashi, ta tara bawon katantanwa, ta zuba masa shayi ya huce ta sake zubawa. In ta gaji da zama ta miƙe ta nufi bakin ruwa, sai ka ji shi: "Ɗan matsa, kina shigar mini hoto." Sai ta yi dariya ta matsa. Ba mugun miji ba ne, kada ka ɗauke shi haka. Yana son ta ƙwarai, ko ciwon kai ta yi ba ya iya cin abinci. Shi dai a lissafinsa dutse ne mai tafiya, ita kuwa tana nan.

Shekara talatin da ɗoriya ana haka. Hotunansa suka shiga kalanda, baƙi suna saye suna kaiwa garuruwansu. Rannan 'yarsu da ke aure a nesa ta haihu, ta aiko da saƙo: "Baba, dangi sun ce jaririyar nan Inna ce sak lokacin ƙuruciyarta. A turo mini hoton Inna na da in gani." Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, a gidan mai hoto ake tambayar hoto? Ya janyo akwatuna. Ƙofa da safe, ƙofa da hadari, ƙofa da tsuntsaye a kanta, ƙofa da kwalekwale yana ratsawa. Kwana biyu yana zazzage ambulan, har ƙura ta sa shi tari, bai sami matarsa ba ko a gefe. Ya ɗago kai ya dube ta tana tsince shinkafa a bakin ƙofar ɗaki, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, kumatun nan da ya aura sun faɗa. Sai a ranar ya gane cewa yau da gobe da yake gadi a jikin dutse ta daɗe tana aikinta a cikin gidansa, kuma nan ta fi sauri. Dattijo da gemunsa ya zauna cikin tulin hotuna yana hawaye.

Matar ta karkaɗe hannu, ta shiga ɗaki, ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta fito da hoto guda da ya lanƙwashe a kusurwa. A shekararsu ta farko ne: iska ta fizge mata mayafi, ta bi shi da gudu ta faɗo gaban kyamara, rabin fuskarta ya fito tana ƙyalƙyala dariya, ta tare ƙofar dutsen gaba ɗaya. Da ya wanke shi ya ce ya ɓaci, ya jefa a kwandon shara. Ta miƙa masa ta ce, "Ga wanda na ɓata maka, Malam. Ka yafe mini." Washegari suka koma bakin teku, ita da sandar kyamara, shi da butar shayi a karo na farko. Ya kafa kyamara ya juya wa dutsen baya. Ta ce, "In matsa?" Sai ya girgiza kai, ya saita kyamarar a kanta.

Ƙofar tana nan tsaye har gobe, ko ɓallewa ba ta yi ba. Ƙuruciyar matar kuwa rabin fuska ya rage masa, shi ma don ita ta tsince shi daga shara. Saboda haka in ka koma gida yau, gini ba ya gudu, ka juya wayar nan wajen wadda ke miƙo maka ruwa. Hausawa sun riga sun faɗa: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.