Jan Ruwan Malam Madu

Madu ya raba yalo biyu, ya matsa wa ɓari ɗaya lemun tsami, ya bar ɗayan haka nan. Kafin matarsa Kellu ta sauke shayi, wanda aka bari ya yi baƙi.

"Kin gani? Iska ce ta ci shi. Haka take cin jikin mutum ta ciki, a hankali. Zoɓo da goruba suna da abin da ke tare wannan ɓarnar, shi nake tacewa."

Kellu ta yarda. Wa zai ƙi yarda da mijin da ya yi shekara huɗu yana karatu a Turai, ya dawo Maiduguri a 1988 da farar riga da ɗakin bincike? Ita ce ma ke buga masa takardunsa a tafireta, tana hura hanci kamar ita ta rubuta su.

Dattijai arba'in masu hawan jini yake nema, su sha jan ruwan da ya tace har wata shida. Ya samu talatin da tara. Sai ya tuna da mahaifin Kellu.

Tsohon, da ake kira Ba Kashim, tsohon dillalin shanu ne a unguwar Fezzan. Shekara takwas yana kan ƙwayoyin asibiti, kuma suna riƙe da shi. Sharaɗin Madu ɗaya ne: mai shan ruwan zai ajiye ƙwaya, don a gane wanne ya yi aiki. Tsohon bai so ba. Amma a gidansu ko ido ba a haɗawa da suruki, balle a ce masa a'a. Kellu da hannunta ta kwashe ƙwayoyin ta zubar.

Kullum da safe takan hau tasi daga gidansu a unguwar Bolori da kwalba a jaka.

"Kellu, wannan zoɓon naku ba tsami," in ji tsohon.

"An tace shi ne, Ba. Malam ya ce haka yake."

A wata na uku ƙafafunsa suka kumbura, ciwon kai ya hana shi sakat. Madu kuwa ba ya fashin zuwa. Yakan durƙusa a zaure ya yi gaisuwa, ya auna jini, ya rubuta a littafi, ya ce kada a kuskura a koma ƙwaya, saura kaɗan. 'Yan unguwa sai sa masa albarka suke yi, wai suruki irin wannan sai an tona. Wata rana Kellu ta ga yana duba lambobin yana murmushi, sai hankalinta ya kwanta, baiwar Allah.

A wata na biyar Ba Kashim ya yanke jiki ya faɗi yana alwala. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Kwana tara ya yi yana kallon 'yarsa ba magana, ita kuma tana ɗura masa jan ruwan da cokali tana kuka. A na goma ya cika. Wurin jana'iza Madu ne ya kama gaban makara.

Bayan sadakar arba'in ya ajiye mata rahotonsa a kan tebur. "Buga min, ran Litinin zan gabatar."

Ta zauna da hantsi tana bugawa har shafi na bakwai. A nan aka yi bayani cewa dattijan kashi biyu ne. Kashi na farko sun sha tataccen zoɓo da goruba. Kashi na biyu, waɗanda mai binciken ya zaɓa da kansa, ruwan famfo aka ba su da jar kala, don a ga yadda jiki ke lalacewa idan ba kariya.

Suna na farko a jerin kashi na biyu, da kyakkyawan rubutun nan na Madu, shi ne Kashim Abakar, Fezzan, kuma a gefensa ya ƙara da jan biro: sakamako mai gamsarwa.