Ɗakin Tsohuwa Bayan Ambaliya

Kai da kake ta mitar gyaran gidanka ya ƙi ƙarewa, matso ka ji. An yi wani manomi a bakin gulbi. Ambaliya ta zo tsakiyar damina, tsakanin azahar da la'asar ta kwantar da gidan da ubansa ya shekara bakwai yana ginawa. Ba abin da ya tsira sai azara, itacen rufi. Shi da iyalinsa suka raɓe a rumfa, mahaifiyarsa kuwa, tsohuwa mai fama da tari, wani maƙwabci ya ba ta aron zaure. Ba ta roƙon komai a duniya sai ta koma ɗakinta, ko mutuwa ce ta same ta a can. Kullum ya kai mata kunu sai ta tambayi inda aka kwana, shi kuma ya ce saura kaɗan, alhali ko harsashi bai haƙa ba. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Da kaka ta yi ya kira magini. Magini ya ce, "Malam, sai an kwaɓa ƙasa da ciyawa an bar ta ta ruɓa, tubali ya sha rana, in an aza layi uku a dakata su bushe. Kafin bazara ka samu ɗaki." Manomi ya tuna tarin tsohuwa, ya ga bazara ta yi masa nisa. Ya sallami magini, ya tara 'yan'uwansa, suka yi ta jibga ɗanyen tubali kan ɗanye, wai su masu zafin nama. Kwana ashirin bango ya kai, har ana yaba musu. Ran da suka jera azara suka zuba ƙasar rufi, bango ya yi ciki, ya zube, azarar duk ta kakkarye. Ga kwashe ɓaraguzai, ga sabon kwaɓi, ga neman azara har garuruwa uku. Tsohuwa ta ga bazarar da magini ya faɗa, ta wuce ta da ranta, tana zaure tana jira. Ruwan farko na shuka ta cika, a ɗakin aro, bangonta bai kai ƙugu ba. Manomi ya yi kuka irin na yara, don ya san da ya haƙura da ta yi wata biyu a ɗakinta.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce sauri ya haifi nawa.